Kifin da ya zo mini a cikin ambulan

Ambulan ɗin bai fi tafin hannu ba. Da na farke shi a tsakar gida, abin da na tarar 'yar leda ce mai ɗauke da wata baƙar dusa mai laima, wadda ba za ta cika ludayi ɗaya ba, sai 'yar takarda manne a jiki mai sunan kifin da wurin asalinsa: Nothobranchius guentheri, Zanzibar, an kwashe ranar 20 ga Yuni, a jiƙa bayan mako 10. Uwargida ta leƙo daga kicin ta ce, "Maigida, kifin da kake ta jira tun farkon damina ke nan?" Na ce shi ne. Ta karɓi ledar ta jujjuya, ta miƙo mini, ta ce, "To, Allah ya raya."

Abin da ya kai ni ga wannan ledar tsohon zance ne. Muna yara akwai wani kududdufi a bayan garinmu da yake ƙafewa ƙurmus da rani, ƙasarsa ta tsattsage har jakuna su riƙa ratsawa ta tsakiya. Amma da damina ta zauna sai ka ga ƙananan kifaye suna wulgawa a ciki, alhali babu rafin da ya haɗa shi da ko'ina. Manya su ce mana ruwan sama ne ke zubo da su. Gaiwa mun san labarinta, don mun sha ganin ana haƙo ta a cikin busasshen laka. Na ƙananan ne ya tsaya mini a rai. Sai da na girma, na shekara da shekaru ina kiwon kifin ado a tankin gilashi, sannan na ci karo da labarin dangin kifayen da Turawa ke kira kilifish, ni kuma nake ce musu kifin kili. Sun haura iri 1,000, kuma sunan ya samo asali ne daga kalmar mutanen Holan ta ƙaramin rafi. A cikinsu akwai waɗanda rayuwarsu duka damina ɗaya ce, a Afirka da Kudancin Amurka: su ƙyanƙyashe da ruwan farko, su girma a gurguje, su binne ƙwai a laka, tafki ya ƙafe su mutu, ƙwan ya kwanta a ƙasa yana jiran baɗi.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne akwai ɗaya da ke ɗauke da sunan gida. A 1928 wani masani Bajamushe, Ernst Ahl, ya rubuta bayanin wani irinsu da aka samo a kogin Kiyawa ta wajen Katagum, ya raɗa masa kiyawensis, kuma har yau da sunan ake kiransa. Wani ɗan uwansu mai suna gardneri, masu kiwo a Turai suna rubuta Makurdi ko Akure a jikin tankinsa don nuna inda kakanninsa suka fito. Kifin ƙasarmu ne mutanen nesa ke tattalinsa kamar zinariya, mu kuwa muna wucewa ta gefensa da takalmi. Ranar na ƙudurta sai na ga wannan abu da idona, tun daga ƙwai.

Na zaɓi na Zanzibar ne saboda shi masu kiwo suka fi ba sabon shiga shawara. Ƙwansa wata biyu zuwa uku yake kwanciya, ba kamar rachovii na ƙasar Mozambik ba, wanda yakan ɗauki wata biyar ko fiye. Wani mai kiwo a Turai ne ya aiko mini ƙwan, binne a cikin dusar nan, ta gidan waya, ya iso Kano a farkon Agusta.

Aikin farko shi ne haƙuri. Na zazzage dusar a kan farar takarda, na ɗauko gilashin ƙara girma irin na masu gyaran waya, na haska da tocilan. Na fi minti goma ban ga komai ba. Can sai ga wani ɗan dunƙule kamar ƙwayar gero, launin ruwan zuma, dusa ta manne masa ko'ina. Da ido ya gane ɗaya sai sauran suka fara bayyana. Ƙwan yana da tauri, kana iya mirgina shi tsakanin yatsu a hankali bai fashe ba. A lokacin cikinsa garau yake, ba alamar komai. Na mayar na ɗaure, na sa ledar a roba mai murfi, na ajiye a gindin randa, kan yashin nan da kullum yake da sanyi. Duk Juma'a da yamma ina buɗewa in duba, iska ma ta ɗan shiga.

Ɗan da ke cikin irin wannan ƙwai yana da wurare uku da zai iya tsayar da girmansa cak: tun farko kafin jiki ya fara haɗuwa, sai a tsakiya bayan siffar jiki ta fito, wanda a nan ne yakan fi daɗewa, sai kuma a ƙarshe, ya gama haɗuwa tsaf yana jiran ruwa kawai. Shi ya sa kwanan watan da ke jikin leda kintace ne. Alƙalin gaskiya shi ne ido. Ranar Juma'ar ƙarshe ta Agusta na haska wani ƙwai sai na ga baƙaƙen ɗigo biyu suna kallona, kowanne da zobe mai ruwan zinariya kewaye da shi. Da hasken ya daɗe a kansa sai ɗan ya juya a cikin ɓawon. Na kira babbar 'yata na ce ta zo ta gani. Ta sa ido a gilashin ta ɗago da sauri ta ce, "Abba, wallahi yana motsi!"

Ban jiƙa ba a ranar, domin wanda zai karɓi baƙo sai ya ɗora tukunya tukuna. 'Ya'yan kifin kili suna fitowa ne da yunwa, kuma ba sa kallon abin da ba ya motsi. Abincinsu atimiya, ƙananan halittun ruwan gishirin nan da masu ƙyanƙyasar tarwaɗa ke ba 'ya'yan kifinsu. Na je wurin wani Alhaji mai gonar tarwaɗa ya auna mini kaɗan daga gwangwaninsa. Da na gaya masa abin da zan yi da shi ya ce, "Malam, kifin da bai kai yatsa ba, ba a ci ba a sayar, me za ka samu?" Na ce masa gani nake son yi. Ya yi shiru, sannan ya ƙara mini cokali ɗaya kyauta, ya kuma gargaɗe ni in ajiye a firji kada laima ta taɓa shi.

Yadda nake haɗawa: gorar ruwa babba in yanke gindinta in kifa ta, in zuba ruwa lita 1, gishiri cokalin cin abinci 2, ƙwan atimiya rabin ƙaramin cokali, in zura tiyon iska har ƙasa ya yi ta ɓulɓula. A zafin Kano awa 24 ta isa. In an kashe iska, ɓawon ya taso sama, su kuma 'ya'yan su taru a ƙasa wajen haske kamar jan hayaƙi. Sai in zuƙo da siririn tiyo in tace a hankici, in ɗauraye. Gora biyu nake juyawa, ɗaya ta safe ɗaya ta yamma. Daren farko wuta ta ɗauke, da gari ya waye gorar ta yi wari, komai ya mutu. Washegari na sayo ƙaramin injin iska mai batir, kuma a ganina duk wanda zai shiga wannan harka a garuruwanmu, shi ya kamata ya fara saya kafin tankin ma.

Ranar 5 ga Satumba bayan sallar asuba na jiƙa. Na ɗauko roba mai faɗi, na zuba dusar, na kwarara ruwan randa mai sanyi har ya kai tsawon gaɓa biyu na yatsa, na murmushe dunƙulen da hannu don kowane ƙwai ya sami ruwa. Ruwa mai ɗan sanyi ya fi tashinsu, kamar dai ruwan sama a kan ƙasa mai zafi. Dusar ta yi ta yawo, sannan ta kwanta. Na zauna a kan tabarma da kofin shayi.

Awa ɗaya ba komai. Wajen ƙarfe takwas na ga wani abu kamar guntun zare ya yi tsalle daga ƙasa ya koma. Na matso da fuska. Wutsiya ce ta fito, kan yana cikin ɓawo, yana ta fizge-fizge kamar yaron da riga ta maƙale masa a wuya. Ya yi haka sau huɗu ko biyar, sai ɓawon ya fita, ya kwanta a kan dusa yana hutawa. Tsawonsa bai kai ƙwayar shinkafa ba, jikin kamar gilashi, idanun ne kawai manya. Bayan ɗan lokaci ya yunƙura ya tsaya a tsakiyar ruwa, bai nutse ba. Ƙasar da na ajiye wata guda a gindin randa, wadda ta ƙetaro teku a cikin takarda, ga ta tana fitar da rai a gabana. Na yi tasbihi a fili ba tare da na shirya ba. Kafin azahar na ƙirga 23.

Huɗu daga ciki ba su taɓa tashi ba. Jakar iskar da ke cikinsu ba ta cika ba, sai jan ciki suke a ƙasa, in sun yunƙura su faɗo. Masu kiwo suna danganta wannan da jiƙawa kafin lokaci ko bayan lokaci ya wuce, kuma da wuya su warke. Sun yi kwanaki suna fama, suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Sauran 19 na kwashe su da cokali zuwa wata roba mai tsaftataccen ruwa, na ɗiga musu atimiya. Cikin minti kaɗan cikin kowanne ya kumbura ya zama ruwan lemo. Wannan launin cikin shi ne ma'aunina har suka girma: wanda cikinsa ya yi ja ya ci, wanda bai yi ba akwai matsala.

Dusar kuwa ban zubar ba. Na matse ta, na shanya ta ɗan sha iska, na mayar leda. Bayan mako biyu na sake jiƙawa, sai ga wasu 9. Duk manomin da ya taɓa yin binne ya san dalili. Ruwan farko yakan yaudari mutum, a yi shuka ta tsiro, sama ta ɗauke ta ƙone. Ƙwan uwa ɗaya ba ya tashi gaba ɗaya: wasu su fito da ruwan farko, wasu su ƙi sai na biyu, wasu sai na uku. In tafkin ya ƙafe bayan kwana biyar, ba a yi asarar iri duka ba.

Girmansu abin mamaki ne, kusan kullum da safe sai na ga sun ƙaru. Ina ciyarwa sau uku a rana, ina zuƙe dattin ƙasa da sirinji, ina canza kusan sulusin ruwan duk bayan kwana biyu. Ruwan burtsatse nake amfani da shi bayan ya kwana a bokiti, kuma ya karɓe su, domin wannan irin ba ya buƙatar ruwa mai laushi kamar 'yan uwansa na kurmi. Na jefa ƙananan dodon koɗi biyu su riƙa share ragowar abinci. A mako na uku na mayar da su tanki mai cin lita 60, da matacin soso mai tafiya a hankali, don kifin kududdufi ne, bai saba da igiyar ruwa ba. Duk da saurin nan nasu ba su ne gwanaye ba. Akwai furzeri, wanda aka fara samowa a gandun dajin Gonarezhou na Zimbabuwe, da yake iya balaga cikin mako biyu a daji, wani jinsinsa kuma ba ya wuce 'yan watanni a duniya, shi ya sa masu binciken tsufa suke kiwonsa a ɗakunan gwaji.

Da suka fi ƙarfin atimiya sai maganar abinci ta dawo sabuwa. Busasshen abincin gwangwani ko kallo bai ishe su ba. Na ajiye bokitin ruwa a bayan gida don sauro ya yi ƙwai. Uwargida ta same ni ta ce, "Maigida, da yara a gidan nan za ka yi mana kiwon sauro?" Gaskiyarta, zazzaɓin cizon sauro ba abin wasa ba ne. Muka yi yarjejeniya: duk bayan kwana biyu in tace tsutsar da rariya mai laushi, ragowar ruwan in kwarara a ƙasa ya shanye, in zuba sabo. Sauro yana buƙatar kamar mako guda daga ƙwai zuwa tashi, don haka ba wanda yake kaiwa. Ina haɗa musu da tana da na yayyanka ƙanana. In ka ga yadda suke wawar tsutsar sauro, ka san abincinsu na gado ne.

Wajen mako na biyar launi ya fara fitowa. Da farko ɗan ja ne a wutsiyar manyan, sai cikin kwanaki ya bazu. Namijin da ya cika, tsawonsa kamar santimita 5, wutsiyarsa ja wur da baƙin layi a baki, jikinsa shuɗi mai ɗaukar ido, kowane ɓawo da jan kewaye kamar aikin saƙa. Matan kuwa launin toka ne, ba ado, sai cika da ƙwai. Maza suka fara faɗa: su tsaya gefe da gefe, kowa ya baje fukafukai ya buɗe kumatu, sai a kai wa juna cizo. Na raba su, namiji ɗaya da mata biyu ko uku a kowace ƙaramar roba, sauran mazan na bar su da yawa a babban tanki, inda faɗan ke rarrabuwa ba a taru a kan ɗaya ba. A wannan rabon ne na rasa namijin da ya fi kowanne kyau. Na bar murfi a ɗan buɗe da dare, faɗin yatsa biyu kawai. Da safe na same shi a kan siminti ya bushe, tururuwa sun kewaye shi. Ya yi mini ciwo ƙwarai. Kifin kili ɗan tsalle ne, tun ranar ko ramin tiyo sai na toshe da soso.

Don wurin ƙwai na nemo dusar kwakwa wurin masu sayar da furanni, na tafasa ta, na wanke har ruwan ya washe. Na zuba a robar da ke da murfi, na huda rami mai faɗin bakin kofi a murfin, na sa dutse a ciki don ta nutse. Ba a yi awa guda ba namijin ya gano ta, ya shige, ya riƙa leƙowa. Macen ta zo ta shiga. Na haska ta gefe ina kallo: ya matso jikinta, ya lulluɓe ta da fiffiken baya da na ƙasa, ya danna ta cikin dusar, su biyun suka yi rawar jiki na daƙiƙa biyu, suka rabu. Ƙwai ɗaya ke nan. Suka matsa gaba kaɗan suka sake. Haka suke yi kullum, ba hutu, shi ya sa nake ware matan kwana biyu a mako su ci su murmure.

Duk mako biyu nake kwashe dusar. In juye a hankici in matse, in baje a kan tsohuwar jarida a inuwa har ta koma kamar dambu: in ka dunƙule ta dunƙulu, in ka taɓa ta wargaje. In ta jiƙe da yawa ƙwan ya ruɓe, in ta bushe ƙayau ya mutu, kuma da hunturu minti talatin na iya raba tsakanin biyun. Sai leda, sai takarda: suna, wurin asali, ranar kwashewa. Wurin asalin nan ba ado ba ne. Ƙa'idar masu wannan kiwo ce ba a haɗa kifin wani wuri da na wani wuri ko da sun yi kama, don kada iri ya gurɓace. Na ƙara wa kaina ƙa'ida ta biyu: ko ɗaya ba zai shiga kwata ko tafkin garin nan ba, ruwan da na canza ma a kan shuka nake zubarwa. Baƙo ne, kuma tafkunanmu suna da masu su.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a ƙarshen Nuwamba. Na yi tafiyar biki ta kwana huɗu, ruwa bai samu canji ba, ga hunturu ya sauko, ma'aunin zafi ya nuna 19 da asuba. Na dawo na tarar sun tsuke fukafukai, suna goga jiki a soso, numfashi sama-sama. Da na haska tocilan ta gefe sai na ga kamar an barbaɗa musu garin zinariya. Cutar da ta fi addabar wannan dangi ke nan, wata ƙwayar halitta ce da ke manne wa fata da wurin numfashi. Na canza rabin ruwan, na zuba gishiri ƙaramin cokali 1 a kowace lita 4, na ƙara kaɗan washegari, na rufe tankin da bargo ya yi duhu, domin ƙwayar tana amfana da haske kamar tsiro. Na samo ƙaramar hita na tsayar da zafin a 25. Shida suka tafi cikin kwana uku, sauran suka miƙe. Tun daga nan gishirin nan kaɗan ba ya rabuwa da ruwansu.

A Janairu na jiƙa ledar farko ta gidana, wadda na kwashe a ƙarshen Oktoba. 'Yata ce ta riƙe tocilan, ita ta ƙirga: 41. Na ba wani abokina 15 tare da gorar atimiya da bayanin yadda zai yi.

Iyayen kuwa bazara ce ta ƙarasa su. Da Maris ya yi nisa zafin gari ya doshi 40, na sauke tankuna ƙasa, na naɗe su da jiƙaƙƙen buhu, na kunna musu fanka, duk da haka ruwan yakan kai 30 da rana. Zafi yana gaggauta tsufansu. Jan wutsiyar ya dusashe, baya ya fara lanƙwasa, cin abinci ya ragu. Ba cuta ba ce, kwana ne ya ƙare, kuma na san da haka tun ranar da na farke ambulan, amma sanin bai hana ni jin nauyi ba duk safiyar da na ɗauke ɗaya da koma. Macen ƙarshe ta mutu a tsakiyar Afrilu. Mako uku kafin nan na kwashe dusarta ta ƙarshe, na tarar da ƙwai 12 kacal.

Suna nan a gindin randa, cikin robar nan mai murfi, kuma kullum da yamma ina yayyafa wa yashin ruwa. A jikin takardar na rubuta 25 ga Maris. Jiya Juma'a na buɗe na haska, uku sun yi ido.